Miya Ba Daddawa

Litinin, 4 ga Afrilu 1977, bayan la'asar

Yau aka kawo shi daga Gagarawa. Malam Barau, hedimastan makarantar da yake koyarwa, shi ya rako shi a motar haya, suka daɗe a zaure da Malam, maigidana. Ni ban fita ba. Da ya shigo na ga ya naɗe wuyansa da rawani cikin wannan zafin. Ban tambaya ba. Ɗana ne na fari, ba ni ce mai tambaya ba. Tun yaye Iya, mahaifiyar Malam, ta ɗauke shi zuwa Ɗanzomo, a hannunta ya girma. Ko sunansa ban taɓa kamawa ba, ɗan Iya nake ce masa, kuma haka aka san mace mai tarbiyya.

Malam ya ce a kwance igiyar guga a ajiye a ɗakina, a rufe rijiya a kifa turmi a kai. Maganin ƙwarin da muke sa wa buhunan wake ya ce a fitar da shi daga gidan. Na yi duk. Nan ma ban tambaya ba.

Talata, 5 ga Afrilu, da hantsi

Bai ci ba. Yana kwance fuskarsa na bango.

Alhamis, 7 ga Afrilu, bayan azahar

Saurayi lafiyayye, da takardar malanta, da albashi, da keke sabo. Me aka rage masa? Shekarun farin nan da suka wuce na ga mutanen Damagaram sun sauka a bakin kasuwa suna dafa dusa, wasu sun binne 'ya'ya a hanya, ban ga wanda ya kwanta ya juya wa duniya baya ba. Yaran yanzu an sauƙaƙa musu komai, shi ya sa zuciyarsu ba ta da ƙashi.

Na tsaya a tsakar gida kusa da tagarsa na faɗa wa Murja, ƙanwarsa, duk wannan, da muryar da nake karantarwa a aji. Na ce mata wanda ya bar sallar asuba rana ta fito a kansa bai isa ya ce Allah ya manta da shi ba. Murja tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Da na gama ta ce, "Inna, ni na yi asubata. In da Yaya kike, ga ƙofa nan."

Na ce mata ta iya bakinta.

Asabar, 9 ga Afrilu, da yamma

Iya ta zo daga Ɗanzomo da ƙullin rubutu da turaren hayaƙi. Ko gaisuwa ba ta tsaya mun gama ba, ta wuce ɗakinsa tana cewa ina maigidan nata da ya ƙaurace mata, ko ya yi sabuwar amarya ce a Gagarawa. Na ji ta zauna a bakin gadon. Bayan nan ban ƙara jin wasa ba. Da ta fito idonta ya yi ja, ta ce hayaƙi ne.

Ya sha rubutun, don daga hannunta ne. Daga hannunta komai yana karɓa.

Litinin, 11 ga Afrilu, da safe

Malam Barau ya aiko cewa a gwada asibiti a Kano. Malam ba ya so. Na ce rubutu ba ya hana asibiti, asibiti ba ya hana rubutu. Jibi za mu tafi.

Laraba, 13 ga Afrilu, bayan magariba

Mun je mun dawo. Likitan wani dattijon Ba'indiye ne, ba ya jin Hausa, Turancin Malam kuwa na gaisuwa ne da sa hannu a ofis. Saboda haka ni ya fuskanta.

Abin da na fara ganewa shi ne sun san juna. Tun hutun bara yaron yake zuwa wurinsa shi kaɗai, an ba shi wani magani bai karɓe shi ba. Ya je Kano ya dawo, ya ci tuwo a gidana, bai ce wa kowa komai ba.

Na gaya wa likita cikin ladabi cewa a ganina raunin zuciya ne da sakaci da ibada. Bai yi gardama ba. Ya jawo takarda ya zana abubuwa biyu kamar saiwoyin bishiya, sun kusa taɓa juna amma ba su taɓa ba. Ya ce haka ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suke, ba a manne suke ba, akwai 'yar tazara tsakaninsu. In ɗaya za ta isar da saƙo ga ta gaba, sai ta fesa wani ɗan sinadari ya tsallaka. Akwai kuma wani abu da ya kira enzayim, aikinsa ya biyo baya ya share saƙon. Ya ce suna zato, ya kuma maimaita cewa zato ne, a masu wannan ciwon saƙon ba ya wadata. Daga cikin kan mutum ana kiransa ya tashi, ya ci, ya ji daɗin ganin nasa, kiran ba ya isa. Sabon maganin zai ɗaure hannun mai sharar, don ɗan saƙon da ke akwai ya daɗe har a ji shi. Ba yau ba, ba gobe ba, sai an yi makonni.

Sannan ya ajiye biro. Ya ce wannan enzayim ɗin yana hanji da hanta ma, can kuma shi ne mai tsare mutum daga wani abu da ke cikin abincin da aka bari ya ruɓa ko ya tsufa. In an ɗaure shi a ka, an ɗaure shi a ciki. Abin zai shige jini, jinin ya hau farat ɗaya, har jijiya ta iya fashewa a ka. Nas ɗin da ke wurin Bakanuwa ce, ita ta mayar mini da zancen irin abincinmu: daddawa, cuku, kilishi, nono mai tsami, hanta. Likita ya ce kada in ɗauka ciwon ciki yake nufi, mutuwa yake nufi.

Duk a gabansa aka yi. Yatsun ƙafarsa yake kallo. Ban san ko ya ji ba. Turancinsa ya fi nawa.

Za mu fita likita ya ce in riƙa zama da shi ina yi masa hira, musamman in ƙarfinsa ya fara dawowa, don lokacin ne ya fi jin tsoro. Na ce to. Ban tsaya bayyana wa Ba'indiye abin da ke tsakanin uwa da ɗan fari ba.

A mota Malam ya tambaye ni me aka ce. Na ce magani ne mai ƙa'idar abinci, na lissafa masa. Maganar mutuwa na bar ta. Na san Malam. Ya ji cewa ƙwaya na iya kisa, kafin mu kai Gezawa ya wurgar da kwalbar ta taga. Mun kuma yarda a gari za a ce gyambon ciki ne. Wa zai ba shi aji ko 'ya in aka ji sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa muka shiga? Ga Murja ma da masu zuwa zance.

Alhamis, 14 ga Afrilu, da hantsi

In sinadari ne, wa zan yi wa faɗa?

Lahadi, 17 ga Afrilu, bayan azahar

Na ware masa tukunya da ludayi. Ni nake yi masa miya da hannuna, ba na barin kowa ya taɓa: kuka, albasa, gishiri, ɗan nama ɗanye na ranar. Furarsa da madara nake damawa, wadda aka tatso da safe. Murja ke kai masa, ita ke ba shi ƙwayar, ina tsaye daga bakin madafa har sai ta ɗaga mini hannu ya haɗiye.

Iya ta ɗanɗana miyar ta tofar. Ta ce wannan ai ruwan wanke tukunya ne, da rai da lafiya ma mutum ya sha wannan sai ya kwanta. Ta ce ita da daddawa ta raine shi, da daddawa ta raini ubansa, ga su nan har an sami 'yar boko an aura. Na durƙusa na ce likita ne ya hana, saboda gyambon.

"Shi likitan, uwarsa ta taɓa kaɗa miya?"

Na miƙe na koma kan tukunya. Ba a mayar wa suruka magana.

Juma'a, 22 ga Afrilu, da la'asar

Ba canji. Malam ya tafi masallaci shi kaɗai, mutane suna tambayarsa mai gyambo. Matar alƙali ta aiko da ƙwarya cike da nono wai yana kwantar da gyambo. Na yi godiya, na bayar wa maƙwabta ta bayan gida.

Na wuce ta ƙofarsa ina neman tsintsiya. Yana zaune, hannuwansa a kan gwiwa kamar an ajiye masa su. Ya ce, "Sannu, Inna." Na ce yauwa, na ɗauki tsintsiyar. Tsintsiyar ma ba a nan take ba, da ita na zo.

Talata, 26 ga Afrilu, da safe

Iya ta koma Ɗanzomo, ta ce ba za ta iya kallon ana horar da yaro da yunwa ba. Allah ya ba ta haƙuri. Tsufa ba ya sa mutum ya san abin da bai karanta ba.

Ina ta tunanin zanen nan. Abubuwa biyu kusa da juna, da 'yar tazara. A makaranta malamarmu Baturiya ta nuna mana zuciyar rago da huhunsa, ba ta taɓa cewa baƙin ciki yana da wurin zama a jiki ba. Ni dai abin da na sani, haƙuri umarni ne. Ba a ce sai mai wadataccen sinadari ba. Amma kuma Allah ba ya ɗora wa rai abin da ba zai iya ba. Na rasa inda zan ajiye waɗannan biyun su zauna tare.

Alhamis, 28 ga Afrilu

Zafi. Ya ci rabin malmala.

Lahadi, 1 ga Mayu, bayan asuba

Na ji motsin buta kafin ladan ya gama. Na ɗauka Malam ne. Malam yana gefena.

Ban leƙa ba. Na zauna a kan sallaya ina jin ruwan yana zuba.

Laraba, 4 ga Mayu, da yamma

Ya sa an kira wanzami. Da aka sauke gashin sai fuskar ta fito ƙarama, kamar lokacin da Iya ke kawo shi hutu da 'yar jakarsa. Rawanin ma ya cire. Tabon da ke wuyansa ya kusa ɓacewa.

Murja ta ce ya tambaye ta ko 'yan ajinsa sun sami wani malami, wai akwai wata yarinya da ba ta gane rabawa, in aka yi mata tsawa sai ta ƙara rikicewa. Ya kuma tsokane ta a kan ɗan kantin nan mai zuwa wurinta, ya ce ta bincika ko turarensa na sayarwa yake shafawa ya mayar da murfi. Na ji dariyarsa daga madafa. Gajeriya ce, amma dariya ce.

Na ce wa Murja budurwa ba ta ƙyaƙyata dariya har a ji a titi. Ta ce, "Ke ma ai murmushi kike yi, Inna, na gan ki." Ƙarya take, albasa ce.

Asabar, 7 ga Mayu, bayan azahar

Ya cinye tuwo ya suɗe kwano. Ya aiko Murja ta ce mini miyar ta yi daɗi. Miya ba daddawa ba ta daɗi, na sani, shi ma ya sani. Yaro ne mai ladabi, wannan kam Iya ta iya raino.

Murja ta ce me zai hana in shiga in zauna da shi ko na ɗan lokaci, shi kaɗai yake yini da rediyo. Na ce ina da jarrabawar yara da zan duba. Ko na shiga me zan ce? Ba mu saba ba. Uwata ba ta taɓa zama da yayana ba, kuma ya zama mutum. Soyayyar da ake tallanta a baki ba ita ce soyayya ba.

Litinin, 9 ga Mayu, da la'asar

Sajo, ƙanen Malam, ya zo da saƙon Iya. Ta ji maigidanta ya miƙe, a ba ta shi ya sha iskar ƙauye kafin ruwa ya sauka. Malam ya amsa tun a zaure. Na ce masa da an bari sai mun koma Kano. Ya ce uwarsa ce ta nema, da wane bakin zai hana ta ɗan da ta raina?

Shi kuwa yaron har ya fara haɗa kaya.

Talata, 10 ga Mayu, bayan azahar

Sun tafi da hantsi. Iya da kanta ta zo ɗaukarsa, ita da ƙawarta Zinariya, wadda in ta ji magana da safe kafin azahar ta kai Sule Tankarkar. Na yi niyyar in ja Iya gefe. Zinariya ba ta matsa ba ko taku ɗaya, tana ta yaba labulena tana tambayar kuɗinsa.

Na durƙusa na ba Iya kwalbar, na ce safe da yamma. Na ce don Allah ban da daddawa, ban da cuku, ban da kilishi da nono mai tsami. Na faɗa a fili, Zinariya shaida ce. Iya ta ce ta ji, Malama, ta ji, ko in rubuta mata a allo ta rataya a wuya. Zinariya ta ce gyambo ai yunwa ce ke kawo shi, babu maganinsa kamar a ci a ƙoshi. Suka yi dariya.

Ya zo bakin ƙofata ya tsuguna ya ce, "Inna, zan tafi." Ya ɗan jima a tsugune. Na ce Allah ya kiyaye hanya. Ina ninke zani, ban bar ninkewa ba.

Ai ya ji likita. Ba yaro ba ne.

Laraba, 11 ga Mayu, da safe

Na sa an ɗauke turmin daga kan rijiya. Na wanke tukunyarsa na kife.

Alhamis, 12 ga Mayu, da la'asar

Hadari ya taso ta gabas ya watse. Gidan shiru. Na faɗa musu dai.

Juma'a, 13 ga Mayu, bayan azahar, a barandar asibiti

Da sassafe suka iso da shi a bayan motar hatsi. Tun jiya da yamma ya ce kansa zai rabe, ya yi amai, haɓo ya ɓalle. Sun ɗauka rana ce ta buge shi, suka jiƙa zani suka ɗora masa. Kafin gari ya waye ya daina amsawa.

Likitan asibitin garinmu ya auna jininsa, ya sake aunawa, ya tambayi wane magani yake sha. Na karɓi kwalbar a hannun Iya na miƙa. Ya karanta, ya dube ni, ya tambaya da Turanci me ya ci. Na tambayi Sajo. Sajo ya ce jiya kasuwar Maigatari ce, Iya ta aike shi ya sayo cuku wurin Buzaye, mai kyau wanda ya bushe sosai, da kilishi, don a yi wa mai jinya gata. Da rana kuma ta yi masa tuwo da miyar kuka irin tata.

Na juya wa likita da Turanci. Ya kira nas da sauri.

Malam yana tsaye yana kallon bakina.

Juma'a, bayan magariba

Malam ya same ni a gindin dalbejiya. Ya ce likita ya yi masa bayani da Hausa. Ya tambaye ni ko na Kano ya faɗi haka tun ranar. Na ce ya faɗa.

"Da kin gaya mini, Safiyatu."

Na ce da na gaya masa da ya zubar da maganin, da yaron yana nan fuskarsa na bango, ko ma abin da ya fi haka. Na ce ai shi ma ya ga ya tashi, ya ga ya yi sallah, ya ji dariyarsa. Na ce na lissafa wa kowa abin da aka hana, ba sau ɗaya ba. Ya saurare ni har na gama. Ya ce zai je ya yi alwala.

Asabar, 14 ga Mayu, da hantsi

Yana numfashi. Idonsa ɗaya a buɗe kaɗan. Iya tana riƙe da ƙafarsa tun jiya, tana ce masa ya tashi haka nan, wace irin rowa ce miji ya kwana bai ba da kuɗin cefane ba. Muryarta ta dushe.

Da ta fita kama ruwa ɗakin ya rage daga ni sai shi. Na matsa na zauna a kujerarta. Nas ta ce wani lokaci suna ji. Na buɗe baki. Na ce masa an sami malamin da ya karɓi ajinsa, kuma zan aika a gaya masa kada ya yi wa yarinyar nan tsawa. Na ce hadari yana ta haɗuwa. Ina cikin neman abu na uku na ji takun Iya, na koma wurina.

Lahadi, 15 ga Mayu

An kai shi makwanci bayan azahar. Maza sun dawo.

Talata, 17 ga Mayu, da yamma

Gidan cike. Iya ake wa gaisuwa, haka ya dace, ita ce uwarsa a idon kowa. Ni ina madafa ina duba abincin baƙi. Matar alƙali ta ce ba ta taɓa ganin mai tawakkali irina ba, ko ɗigon hawaye. Ta ce wa 'yan matan da ke wurin su yi koyi. Mutane suna ta cewa ashe gyambo ma yana kisa haka.

Murja ba ta yi mini magana ba tun ranar Juma'a. In na ce ta miƙo abu, ta miƙo.

Alhamis, 19 ga Mayu, bayan azahar

Sajo ya tsaya a bakin madafa yana ba ni labarin da ban nema ba. Ya ce ranar suna zaune a inuwa, Iya ta ɓantari cukun ta miƙa masa. Ya karɓa ya riƙe, ya daɗe yana juya shi a hannu, har Iya ta ce ko matan birni sun hana shi cin abin hannunta ne. Sai ya yi murmushi ya ci. Ya ci kilishin. Ya ci tuwon ya ce rabonsa da miya tun Gagarawa. Ya nemi ƙari.

Ban san abin da ya sa Sajo ya gaya mini ya nemi ƙari ba.

Juma'a, 20 ga Mayu, bayan asuba

Bai ji likita ba. Ina wurin, na gani, yatsun ƙafarsa yake kallo. Mutumin da kira daga cikin kansa ma ba ya isa gare shi, ina zai ji Turancin Ba'indiye? Wanda bai sani ba babu laifi a kansa. Ko ya ji, ya manta. Ko bai manta ba, kunyar Iya ce, bai taɓa mayar da hannunta ba tun yana rarrafe. Ya yi sallah, na ji ruwan da kunnena. Ya tambayi 'yan ajinsa. Mai tambayar 'yan aji yana da niyyar komawa.

Bai ji ba.

Asabar, 21 ga Mayu

Ruwan farko ya sauka. Sauran ƙwayoyin na zuba a masai.

Litinin, 23 ga Mayu, bayan magariba

Gobe Iya za ta koma Ɗanzomo. Da la'asar ta aiko Murja ta kira ni. Tana zaune a kan gadonsa, ta rame, ɗankwalinta ya zame ba ta gyara ba. Na durƙusa daga bakin ƙofa. Ta ce in matso. Ta ce Murja ta ba mu wuri.

Ta ce ta lura Malam ba ya haɗa ido da ita, Sajo ma in ta shigo sai ya fita. Ta ce ta tambayi Malam ya ce kwana ne ya ƙare, amma shi ɗanta ne, zai rufa mata. Ni kuwa duk garin nan an san ba na ƙarya, ko yaran makaranta sun sani, shi ya sa ma ba a cika sona ba.

"Ke kika ji Turancinsu. Abincina ne?"

Na tuna duk abin da nake gaya wa yara a kan ƙarya, da ƙaramarta da babbarta. Na dubi hannunta a kan zanen gadon.

Na ce, "A'a, Iya. Jijiya ce ta fashe a kansa. Ko a nan yake da ta fashe."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta sauke numfashi ta ce alhamdu lillahi. Ta ce ita dai abin da ke sanyaya mata rai shi ne bai tafi da yunwa ba. Ta ce da na ga yadda ya ci ranar, hannu baka hannu ƙwarya, rabonta da ganin haka tun yana ɗan firamare. Ta ce kada in ji haushi, ba raina girkina ta yi ba, amma yaron yana son daddawa.

Na ce na sani, Iya. Na ce na ji daɗi da ya ci.

Ta kama hannuna ta riƙe har aka kira sallah. Ni na fara janyewa.